Harbi a Wutsiya Bai Fi Kuskure Ba



A ƙarshen ranin da ya gabata, sa'ad da ma'aikatan sansanonin farauta suka soma dawowa Garwa da ɗan abin da suka samo, wata gardama ta tashi a zauren maigidana bayan la'asar. Mutum biyu ne suka ja daga: wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun namun daji a gaban baƙin maharba, da ɗan ƙanensa, saurayi mai tuƙa mota a ɗaya daga cikin sansanonin. Ni aikina a zauren bai wuce rubuta wasiƙu da adana takardu ba, ban kuwa taɓa ɗora bindiga a kafaɗa ba, amma na kasa kunne, domin na lura abin da suke ja a kansa ya fi ƙarfin hirar yamma.

Ga yadda saurayin ya ba da labari. Wani baƙo ya hango gwanki a ƙetaren wata fadama, ya ɗaga 'yar na'urarsa mai auna nisa da hasken leza, ta nuna masa mita 340. Ya gyara madubin bindigarsa bisa wannan lamba, ya harba. Harsashi ya sami gwankin a ciki, can bayan haƙarƙari. Kwana biyu masu bin sawu suka yi suna bin ɗigon jini cikin zafin watan Maris, har jinin ya ƙafe, sawun ya shige cikin na garke, suka haƙura suka koma sansani. Saurayin ya dage cewa na'urar ba ta yi ƙarya ba, mita 340 ɗin ne, shi da kansa ya karɓa ya leƙa. Baffan nasa ya ce: "Yaro, ai ban ce ta yi ƙarya ba. Cewa na yi, da a ce da zaren madubi ya auna, da ya ga yadda naman ya ƙanƙance tsakanin ɗigo da ɗigo, da zuciyarsa ta hana shi." Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, zamanin zare ya wuce."

Tun daga ranar nake tambayar waɗanda suka san aikin, nake kuma bin lissafin da alƙalami. Abin da na tsaya a kai shi ne, wajen auna nisa yaron ne ke da gaskiya, wajen farauta kuwa baffansa ne.

Ga wanda ba ya wannan yanki, bari in ɗan shimfiɗa. A arewacin Kamaru akwai manyan gandayen namun daji uku: na Binuwai da na Buba Njidda, waɗanda aka mayar gandayen ƙasa a 1968, da na Faro a 1980. A cikinsu ba a farauta. Amma a tsakaninsu akwai yankunan farauta fiye da 20 da gwamnati ke ba jagorori masu lasisi haya, inda baƙi daga Turai da Amurka ke zuwa da rani, galibi daga Janairu zuwa Afrilu, suna neman ɓauna da gwanki da kanki da mariya, sai kuma babban abin da ke jawo su, wato yamusa, ƙaton naman nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ya fi sa girma. Yawancin masu bin sawu 'ya'yan ƙauyukan gefen dajin ne, Duru da Dowayo da sauransu. Amma daga unguwanninmu ma akwai direbobi da masu dafa abinci da masu fiɗa, da 'yan tsirarun masu bin sawu irin dattijon nan. Idan harbi ya ɓaci, ba baƙon ne ke shiga gaba cikin ciyawa ba. Naman da ya ji rauni, ko gwanki ne balle ɓauna, yakan laɓe ya jira, kuma wanda ya sunkuya yana duba jini a ƙasa shi ne farkon wanda zai tarar.

To me ya sa sanin nisa ya zama dole? Hausawa sun riga sun faɗa: kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Harsashin bindigogin farauta da aka saba da su, irin su .308 da .30-06, yana barin bakin bindiga da gudun da ya kai kimanin mita 800 a sakan guda, amma tun daga fitarsa ƙasa ke jawo shi, iska kuma na rage masa gudu. Idan an daidaita madubi domin harsashi ya sauka daidai tsakiyar zare a mita 100, to a mita 200 zai sauka ƙasa da wurin da aka nufa da kimanin santimita 13, a mita 300 da kusan kamu guda, a mita 400 kuwa da wajen mita ɗaya. Mai karatu ya lura, faɗuwar ba daidai take tafiya ba. Kowace mita 100 ta gaba tana cin fiye da wadda ta gabace ta. Wurin da ake nema a jikin nama, wato zuciya da huhu, a jikin kanki bai wuce faɗin ƙaramin faifai ba. Saboda haka kuskuren mita 30 a kusa ba kome ba ne, amma a nesa shi ne bambancin naman da ya faɗi nan take da wanda ya tafi da harsashi a cikinsa.

Hanya ta farko ta sanin nisa ita ce ta zaren madubi. Wanda ya taɓa leƙa madubin bindiga ya ga zare biyu sun gitta juna a tsakiya, a wasu kuma an jera ɗige-ɗige ko gajerun layuka a kansu. Hikimar abin kowa ya san ta tun yana yaro: miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, za ka ga ya rufe raƙumin da ke nesa alhali bai iya rufe akuyar da ke gabanka ba. Abu yana ƙanƙancewa a ido gwargwadon nisansa. Idan ka san ainihin girmansa, ka kuma auna yadda ya ƙanƙance, nisan ya fito.

Tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo ana kiran ta mil. A nan in ja hankalin 'yan'uwana almajirai, wannan mil ɗin ba shi ne na littattafan fiƙihu ba, wanda muke ƙirga 48 a tafiyar da ake ƙasaru; wancan ma'aunin hanya ne, wannan ma'aunin kusurwa ne. Mil ɗaya yana rufe santimita 10 a mita 100, santimita 30 a mita 300, mita guda cur a mita 1000. Lissafin kuwa shi ne: ka ɗauki girman abin da mita, ka ninka shi sau 1000, ka raba da adadin mil ɗin da ya cika a zare. Mu ƙaddara kaurin ƙirjin kanki, daga saman baya zuwa ƙasan ƙirji, rabin mita ne. Idan ya cika mil 2, yana mita 250. Amurkawa da yawa sun fi sabawa da wani ma'auni, kashi ɗaya cikin 60 na digiri, mai rufe kusan inci ɗaya a yadi 100, amma hikimar duka ɗaya ce.

Asalin wannan dabara daga soja take. Masu harba igwa sun daɗe suna aiki da mil. Zaren nan mai ɗige-ɗige sojojin ruwan Amurka masu faɗa a tudu ne suka shahara da shi tun ƙarshen shekarun 1970, kuma madubin da Tarayyar Sobiyet ta ɗora wa bindigar Dragunov a 1963 yana da wani lanƙwasasshen layi da aka zana bisa tsayin mutum mai mita 1.7, ana gwada shi daga mita 200 zuwa 1000. Ka ga ke nan an gina dabarar a kan abubuwan da aka san girmansu: mutum, ƙofa, mota. Naman daji kuwa bai zo da takardar awo ba. Akwai toron da ya ƙoshi, akwai matashi, akwai wanda rani ya rame. Ciyawa tana rufe ƙasan ƙirjinsa, ya tsaya a karkace, ya ɗaga kai ya sauke.

Mu bi lissafin mu gani. Maharbi ya karanta mil 1.5, ya ce mita 333. Da mil 1.7 ya karanta, da 294 ya ce. Kashi biyu cikin goma na tazarar ɗigo, abin da bai fi kaurin zaren kansa da yawa ba, ya haifar da bambancin kusan mita 40, kuma wannan karatu ana yin sa ne zuciya na bugawa, gumi na shiga ido, iskar zafi na rawa a kan fili. Sa'an nan a ce kankin matashi ne, ƙirjinsa santimita 45 maimakon 50. Karatun 1.5 daidai ne, amma naman yana mita 300, ba 333 ba, harsashi zai hau sama da wajen santimita 10. In kurakuran biyu suka faɗa gefe guda, sai dai ya tsaga saman baya. Alhali irin wannan kuskure na kashi 10 cikin 100, in a mita 150 ne, ba zai gusar da harsashi faɗin yatsa biyu ba. Wato zare yana da aminci a inda maharbi ba ya bukatarsa sosai, yana kuma rasa aminci daidai inda aka fi bukatarsa. Wannan ita ce maganar da dattijon bai so ji ba.

Akwai kuma wani tarko da ya kama mutane da yawa. Madubai masu zuƙowa iri biyu ne. A wasu, zaren yana girma tare da hoton idan an zuƙo, don haka mil ɗinsa yana nan daidai a kowane mataki. A wasu kuwa, kuma su ne suka fi yawa a hannun maharba, zaren ba ya canjawa, hoton kaɗai ke girma, don haka awon ba ya inganta sai a mataki guda, galibi mafi ƙarfi. Wanda ya manta ya auna a rabin ƙarfin, zai ga naman ya cika rabin abin da ya kamata, ya ɗauka nisansa ninki biyu ne.

Hanya ta biyu ita ce ta leza. Theodore Maiman ne ya kunna leza ta farko a Kalifoniya a 1960, sojoji suka fara ɗora ma'aunin nisa irin wannan a tankokin yaƙi, sai a 1992 kamfanin Leica ya fitar da madubin hangen nesa mai suna Geovid da na'urar a cikinsa, daga baya a cikin shekarun 1990 Bushnell da wasu suka fitar da masu araha da ke shiga aljihu. Aikinta shi ne ta harba wani haske da ido ba ya gani, ya bugi abu ya dawo, ta ƙirga lokacin. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan, saboda haka zuwa mita 300 da dawowa kashi 2 ne kawai cikin miliyan na sakan. Na'urar tana maimaita wannan sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta fitar da lamba wadda kuskurenta bai cika wuce mita ɗaya ba. Ba ta tambayar ko naman toro ne ko matashi. Na zamani suna kuma auna gangare, domin harsashi nisan kwance yake biya wa haraji: mita 300 a kan gangaren digiri 30 daidai yake da kimanin mita 260 wajen faɗuwa, abin da zai amfani mai farauta a duwatsun wajen Poli.

Ita ma tana da nata lahani, kuma dajinmu ya san yadda zai tona shi. Hasken ba allura ba ne, yana buɗewa yana tafiya. A yawancin na hannu, in ya kai mita 300 faɗinsa ya kai taƙi biyu ko kamu. Zangarniyar gamba da ke tsakaninka da nama za ta iya mayar da shi, ko ya tsallake naman ya bugi itacen da ke bayansa, na'urar kuma ta ba ka lamba cikin natsuwa kamar ba abin da ya faru. Ƙurar hunturu da hayaƙin ƙunar daji suna rage mata gani, haka ma tsakar rana mai ƙarfi. Nisan da ake rubutawa a kwalinta na abu ne mai ƙyalli. A kan fatar nama mai duhu sau da yawa rabinsa take samu. Batir kuma yakan mutu a ranar da ba a so. Amma duk waɗannan aibobi ne da mai hankali ke iya kiyayewa: ya danna sau biyu ko uku, ya auna itace ko suri da ke daf da naman, ya riƙe batir na ajiya. Kuskuren zare kuwa a cikin dabarar kanta yake, ba ya fita da kiyayewa.

Don haka a wannan gaɓa ba ni da shakka. Zare zato ne, leza kusa da yaƙini take, kuma mun koya tun muna gaban allo cewa ba a barin yaƙini a koma zato. Ga ruwa, ba a taimama. Wanda ke da na'urar a wuyansa ya bar ta ya tsaya ƙirga ɗige-ɗige a kan mai rai domin a ce gwani ne, ya ɗora girman kansa a kan wuyan dabba.

Sai dai saurayin ya tsaya a nan, alhali a nan ne maganar ta soma. Nisa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke raba harsashi da wurin da aka nufa, kuma shi kaɗai na'urar ta warware. Iskar da ke ratsawa ta gefe da gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa riga ba, tana ture harsashin .308 kusan santimita 20 a mita 300, kuma iskar da ke busa kuncin maharbi ba lalle ba ne ta zama ita ce ke busawa a ƙetaren fadama. Harsashin yana ɗaukar kusan rabin sakan kafin ya kai mita 340. Gwankin da ya ɗaga ƙafa ya yi taku guda a cikin wannan lokaci ya janye ƙirjinsa ya miƙa cikinsa. Sa'an nan ga hannun mai harbi. A dajinmu ba a kwance ake harbi ba, saboda ciyawa. A tsaye ake yi, an ɗora bindiga a kan 'yan sanduna, bayan tafiyar awa huɗu ko biyar a zafin da ke haura digiri 40. Rawar hannu ta mil ɗaya santimita 10 ce a mita 100, tana cikin faifan nan. A mita 340 ta zama santimita 34, ta fita daga cikinsa.

Abin da dattijon ya gani, bai dai faɗe shi da harshen lissafi ba, shi ne lamba tana sa wa zuciya natsuwar da ba ta cancanta ba. Mutumin da bai san nisa ba yana tsoro, tsoron kuma yana sa shi ya ƙara matsawa. Da zarar jan rubutu ya bayyana a gilashi, 340, sai ya ji kamar an ba shi izini. Wanda ke auna da zare kuwa dole ne ya ƙura wa naman ido, ya ga ƙanƙantarsa, ya ga yadda gicciyen ke yawo daga kafaɗa zuwa cinya, kuma wannan kallo da kansa gargaɗi ne. Na yarda da shi a kan wannan ɗari bisa ɗari. Inda na saɓa masa shi ne, maganin natsuwar ƙarya ba komawa ga ma'auni mai rauni ba ne.

Muna da karin magana da ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. A kasuwa da neman aure da sauran fafutukar duniya wataƙila haka ne, samun kaɗan ya fi rashi. A daji kuwa ban san maganar da ta fi ta ɓata ba. Wanda ya kuskure ya yi asarar harsashi guda, naman ya tafi lafiya. Wanda ya harbi wutsiya ko ciki ko muƙamuƙi ya bar dabba da azabar kwanaki, ƙudaje da tsutsa suna cin ta da rai, har kuraye su ƙarasa. Su kansu masu sansani sun san haka, shi ya sa ƙa'idarsu ita ce naman da aka ga jininsa an ƙirga shi cikin rabon baƙo, ya biya kuɗinsa ko an same shi ko ba a same shi ba. Malamanmu na fiƙihu ma ba su bar wannan babi ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an yi bayanin cewa naman da kibiyarka ta kashe ana cin sa muddin bai kwana a ɓoye gare ka ba, tare da ambaton saɓani idan an tarar da kibiyar a makasa. Ko ta wace fuska aka duba, naman da ya ɓace da rauni ya tashi a banza: ba a ci ba, ba a bar shi ya hayayyafa ba. Kuma dajin ba shi da rarar da za a riƙa zubarwa. Mun ga yadda mahaya dawakai suka karkashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda a farkon 2012, mun kuma ji a 2011 an sanar da ƙarewar baƙin karkanda na yammacin Afirka, wanda a wannan yanki namu aka yi masa ganin ƙarshe.

Maharbanmu na dā sun fuskanci wannan matsala ta nisa, suka warware ta ta wata hanya dabam. Da kwari da baka, ko da bindigar toka wadda ba a amince mata bayan 'yan taku kaɗan, ba su da halin harbi daga nesa, sai suka koyi kashe nisan kansa. Maharbi zai ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya yi rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsun na kiwo, yana kiyaye inda iska ke kai warinsa, har ya shiga tsakiyar garke. Ba ina cewa a koma burtu ba, kuma ban manta cewa kibiya mai dafi ita ma tana barin nama ya yi tafiya kafin ya faɗi ba. Amma a wurinsu gwaninta ita ce kusantar nama, kuma har yau da wannan ma'auni masu bin sawu ke auna baƙo. Shi ya sa a farautar yamusa, wadda ake bi a ƙafa tun asuba cikin itatuwa, mafi yawan harbi mai kyau a kusa ake yin sa, inda tambayar mita nawa ba ta da nauyi.

A nan ne nake ganin zare zai sami aikin da ya dace da shi. Idan aka daidaita bindiga irin .308 a mita 200 maimakon 100, harsashi ba zai wuce faɗin yatsu huɗu sama ko ƙasa da tsakiyar zare ba, tun daga bakin bindiga har wajen mita 230. A cikin wannan tazara maharbi ba ya bukatar lissafi, ya ɗora gicciye a bayan kafaɗa kawai. Abin da yake bukata shi ne ya san ko naman yana ciki ko ya fita, kuma wannan tambaya ce da zare ke amsawa da kyau, cikin sakan guda, ba tare da an sauke bindiga ba. Ƙirjin rabin mita yana cika mil biyu da rabi a mita 200. In ya cika, bismilla. In bai cika ba, a matsa ko a bari. Ko da maharbi ya yi kuskuren kashi 10 cikin 100 wajen ƙiyasta girman naman, har yanzu yana cikin iyakar da harsashi ke yafewa. Ga wanda ya ƙware ƙwarai, ya kuma tabbatar a filin gwaji cewa hannunsa na kai wa can, ɗige-ɗigen suna da wani amfani: bayan leza ta ba da nisa, da su ake ɗaga bindiga gwargwadon faɗuwa, da su ake ba iska haƙƙinta.

Na san abin da za a ce. Akwai ƙasashen da fili yake fetal, ko duwatsu masu kwazazzabai irin na tsakiyar Asiya da yammacin Amurka, inda ba a iya matsawa, kuma a can leza ta rage raunata dabbobi ƙwarai. Ban musa ba. Akwai kuma baƙon da ya tsufa, ya kashe dukiya mai yawa, ga ranar ƙarshe ta zo bai sami abin da ya zo nema ba, jagora kuma yana son ya dawo baɗi. Wannan matsi gaskiya ne, kuma shi ne ke harba yawancin harsasan da bai kamata a harba ba. Ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a Amurka a 1887, ta taɓa fitar da matsayi a kan harbin nesa, ba ta kuwa yanke wata lamba ba. Ta mayar da hukuncin ga niyyar maharbi, ko yana ƙoƙarin kusantar nama ne ko yana gwada bindigarsa a kan mai rai. Ni da za a tambaye ni, da na ce a dajinmu jagora ya yanke lambar tun ranar farko a filin gwaji: baƙo ya yi harbi a tsaye a kan sanduna, a ga iyakar nisan da harsasansa ke taruwa cikin faifai, wannan ta zama iyakarsa har ya tafi. Na'urar kuma ta zauna a hannun jagora ko babban mai bin sawu, wanda ba shi ne yatsansa ke kan kunama ba, domin wanda zai bi jinin shi ya fi cancanta ya ce ya yi nisa.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne idon yaranmu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, sai dai ba ya saninta sai an horar da shi. Saurayin da ya saba danna maɓalli kafin ya duba, ranar da batir ya mutu ko ƙura ta rufe gari ba zai bambance mita 150 da 250 ba. Abin mamaki, babu malamin da ya fi lezar kanta iya koyar da ido, in an juya tsarin: ka fara kallo, ka faɗi ƙiyasinka da baki, sa'an nan ka danna ka ga kuskurenka. Masu dā sai sun taka da ƙafa suke sanin gaskiyar ƙiyasinsu. Na yanzu suna iya gwada kansu sau hamsin a yini guda suna zaune a bayan mota.

Na faɗa wa saurayin haka, sai ya aro na'urar daga wurin aikinsa, ranar wata Juma'a da yamma muka fita bakin Binuwai, mu uku da baffansa. Ruwa ya janye, yashi ya fito. Muka riƙa nuna wa dattijon abubuwa yana faɗin nisansu da taku, yaron yana aunawa, ni ina mayar da takun mita a takarda. A kan wani kwalekwale da aka jawo gaɓa, mita 85, ya kuskure da 4. A kan wani jaki mai kiwo, mita 160, ya kuskure da 10. Da muka nuna masa wata bishiya a tsallaken kogi sai ya daɗe yana kallo, ya faɗi abin da ya kama mita 330, na'urar ta ce 410. Yaron ya yi dariya, ya ce, "Baffa, ka gani?" Dattijon ya karɓi na'urar ya jujjuya ta a hannu, ya tambayi kuɗinta, ya mayar masa. Ya ce shi a shekarun da ya yi a daji bai taɓa kafa wa baƙo sanduna a kan abin da ya kai nisan bishiyar nan ba, don haka bai taɓa koyon auna shi ba. Daga nan ya sa yaron ya faɗi nisan jakin da ya matsa gaba kafin ya danna, yaron ya ce 120, na'urar ta ce 195.